Fili a Iska

Mahaifina dillali ne, Altine na Mabera.
Ya sayi saura tun jakai na birgima cikinta,
ya kafa turaku huɗu, ya jira gari ya iso.
Gari ya iso. Da kuɗin aka yi muna rufin kwano.

Ni ban gaji ƙasa ba, jiran na gada.
A shagona na Gawon Nama, tsakanin janareto da firinta,
na ji ana sayen adireshi a intanet
awa yadda Baba ke sayen fegi:
wanda ya riga, shi ka da wuri.
Dubu goma sha biyu a shekara, ba ruwanka da mai unguwa.

Daren da Tunau na Kwalkwalawa ya kada ƙaton Dosso,
gari na ihu, 'yan kabu-kabu na busa ham,
ni ina duƙe ina buga haruffan sunansa.
Babu mai shi, in ji na'ura.
Na biya. Na kwana da sunan wani a aljihuna.

Shekara biyu ina ban ruwa.
Ya hau jirgi, ya ci bel, ya buɗe masaƙar riguna,
yara a Runjin Sambo na yawo da sunansa a ƙirji.
Na ce gari ya iso.
Na rubuta wa yaransa, da ladabi har da gaisuwa:
miliyan uku, ko in sayar wa mai so.

Amsa ta zo a farar ambulan, ran Talata,
takarda uku, hatimi ja, Turanci mai ƙaya.
Na kai wa Barista Luba, ɗiyar maƙwabcinmu,
wadda na taɓa gyara wa waya kyauta.
Ta karanta, ta cire tabarau, ta ce:
Sahabi, sunanka Tunau? Na ce a'a.
Ka gina wani abu a wurin? Na ce allon sayarwa kawai.
To wa ya aike ka ka rubuta farashi?
Ka kai musu shaida da hannunka,
ka ɗaure akuya, ka miƙa musu igiya.

Ta ce sun yi wa sunan rajista, alamar kasuwancinsa ce.
Za a karɓe adireshin, wannan ƙaramin abu ne.
In suka so su ja ka kotu,
su ce da mugun nufi ka saya,
kuɗin lauya kaɗai ya cinye firinta da janareto,
bale a zo ga diyya.

Na ce ai Baba haka ya yi.
Ta ce Babanka daji ya saya, ba mai shi sai gawo.
Suna kuwa an yanka masa rago,
an raɗa shi a kunne ran bakwai,
mai shi ya sha ƙasa da targaɗe kafin ya yi tsada.
Kai ina kake ranar?

Ina shago. Ina shan sanyin fanka.

Na sa hannu ran Alhamis bayan la'asar,
na mayar da abin da ban taɓa gani da ido ba.
Ba su nemi ko sisi ba, kuma ba su gode ba.
Sauran sunaye shida da na ɓoye,
na mai waƙa, na mai ƙwallo, na wata mai girki a waya,
na bar su su mutu in shekara ta cika,
kamar shukar da aka hana ban ruwa.

Da dare, wuta ta dawo, na buga nawa:
Sahabi Altine, harafi bayan harafi.
Babu mai shi, in ji na'ura.
Shekara talatin da huɗu ba wanda ya yi masa kwaɗayi.
Na daɗe ina kallon wurin biya,
sai wani yaro ya leƙo yana son hoton fasfo.