Garken Ciki

Tun Nuwamba rana ta fara rowa a Sheffield,
ƙarfe huɗu ta naɗe tabarmarta.
Ni ma na naɗe tawa.
Na daina ɗaga waya, na daina ɗora tukunya,
soyayyen dankali a takarda, a tsaye,
bakin tagar da ke kallon Spital Hill.

Likita Whitlock ta tambayi barcina, na ce ya yi ƙaura.
Ta tambayi kuka, na ce ni namiji ne.
Ta yi shiru, sannan ta ce: to, cikinka fa?

A bayan takarda ta zana mini:
ga kai, ga hanji, ga doguwar jijiya tsakaninsu
kamar igiyar guga.
Ta ce a can ƙasan rijiyar akwai halittu,
ido bai ganinsu, lissafi bai kama su,
abin da na ci shi suke ci,
kuma suna aika saƙo sama.
Ta ce bincike bai ƙare ba, kada in ɗauka waraka ce.
In sha ƙwayata, in dawo Laraba mu zanta,
amma su ma in daina barinsu da yunwa.

Dariya ta kusa kufce mini, ta farko a wata uku.
Na ce, Likita, a harshenmu
murna sunanta farin ciki,
damuwa sunanta baƙin ciki,
in tsoro ya zo, ciki ne ke ɗurar ruwa.
Kakata Dudu ba ta taɓa leƙa madubin likita ba,
amma takan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba.

Da dare na tafasa madarar kanti,
na bari ta huce har yatsa ya iya jurewa,
na zuba cokali biyu na tsohon nono
da Bayamanen kusurwa ya ba ni kyauta.
Na lulluɓe kwanon da rigar sanyina,
na kwantar da shi jikin ƙarfen ɗumama ɗaki.
Karon farko ya tsinke, ruwa tsululu.
Na zage shi. Na sake.

Asubar Alhamis na buɗe,
ga kindirmo ya kwanta, fari, yana ɗan rawa.

Ban ce na warke ba.
Akwai ranakun da labule ya fi ƙarfina.
Sai dai yanzu ina jiƙa wake, ina yanka kabeji,
jiya har na kira Sagiru, muka yi gardamar ƙwallo.

Jikan masu shanu, ga inda kiwo ya same ni:
hawa na uku, babu sanda, babu mashaya,
garke a ƙarƙashin haƙarƙarina.
Kowace safiya nakan dafa cibiya in ce,
kun kwana lafiya?
Wani lokaci su amsa da ƙugi.