Ba Mu Kai Kan Tudu Ba

Mun bar Tawa rana ba ta yi ƙarfi ba,
ni da Barira, ɗiyar wana, da littafinta a hammata,
niyyarmu mu hau tudu mu hango gari.
Ba mu ci rabin kori ba ta durƙusa.

Tururuwa ce, na ce, tashi mu tafi.
Ta ce wacce? Ga mai ƙaton kai na jan ƙwayar ƙarangiya,
ga siririya a bayanta ba kaya,
rami ɗaya suke shiga.

Gwano kam hancina ya riga littafi.
Cinnaka shi ya gabatar da kansa
ta ƙafar wandona,
na taka rawar da na manta tun samartaka.

A jikin farar ƙaya muka iske wata ja,
ta ɗaga ɗuwawu kamar kunama.
Littafi ya yi shiru. Ni ma haka.
Arzika makiyayi ya leƙo, ya ce kakarsa ta san sunanta,
sai dai ta shekara goma a ƙasa.

Barira ta zana ta, ta bar gurbin suna.
La'asar ta same mu tsugune,
tudun na nan inda yake.