Jar Akuya a Gado na Tara

Buhu biyu na albasa na karyar a Ramin Kura,
na ƙulle kuɗin a lalita,
na saɓo Marwana a kafaɗa.
Shekararsa bakwai, nauyinsa na ɗan biyar.
Amosanin jini ya motsa tun daren Talata,
yana sassaƙar ƙashinsa kamar gizago.

Ɗakin yara, gado na tara, jikin taga.
Fanka na dama zafin bazara, ba ta rage komai.
Warin magani. Wani jariri na tsala kuka a ƙurya.
Da ya hango farantin ƙarfe da allura a kai,
sai ya dunƙule hannuwa ya cusa a hammata:
"Baba, mu koma Kwalkwalawa.
Na warke. Wallahi na warke."

Na ce masa namiji ba ya kuka.
Haka aka ce mini ina yaro,
ni ma ba ta taɓa yi mini magani ba.

Sista Kulu ba ta tanka ba.
Ta tura farantin bayan labule,
ta zaro wani littafi daga aljihu,
bangonsa ya sha hannu har ya yi laushi,
an ɗaure ƙugunsa da filasta
kamar shi ma an kwantar da shi.
"Malam, karanta mishi."

Ni allo na sani, da tawada, da ajami.
Baƙin boko a idona jerin tururuwa ne.
Gumi ya keto mini. Na dai buɗe.
Ga jar akuya tsaye a bakin gulbi,
ga kwale-kwale, ga wani tsoho da gora.
Na gyara murya na ce,
"Wagga akuya ta taho shan ruwa."

"A'a, Baba!
Ƙetarewa za ta yi, ɗanta na tsallake.
Ga shi nan an rubuta."
Hannun dama ya fito daga maɓoyarsa,
yatsa ya hau kan layi yana tafiya,
yana tuntuɓe, yana tashi.
Na hagu ya biyo baya don ya danne shafi,
Sista ta karɓe shi a hankali
kamar mai ɗaukar ƙwai daga ƙarƙashin kaza.

Na ce, "To, ba ta tsoron ruwa?"
Ya ce, "Tana tsoro mana.
Dubi ƙafarta, rawa take.
Amma ta shiga."

Allura ta shiga.
Ya ce wash, ya cije leɓe,
hawaye guda ya ɗiga a kan hoton,
gulbin ya ƙaru da ɗigo ɗaya.
Bai ɗaga yatsa daga layin ba.

A tsakiyar ruwa littafin ya ƙare.
Shafin ƙarshe babu shi, sai haƙoran takarda.
Sista ta ce wata yarinya ta tafi da shi bara,
tun daga nan kowa ke ƙarasa nasa.
Marwana ya yi shiru, ya dubi ledar ruwa:
"Ta isa. Amma sai da ta huta a tsibiri kwana uku."
Kwana uku likita ya ce mana.
Ashe ya ji.

Yanzu ya yi barci, littafin a ƙirjinsa.
Ni ne ban runtsa ba.
Ina ƙirga ɗigon ruwa kamar carbi,
gwiwata na yin irin ta akuyar.
Na zare littafin, na haska fitilar waya,
na koma shafin da take tsaye a gaɓa.
Na daɗe a wurin.

In gari ya waye zan tambaye shi
wanne ne sunanta cikin tururuwan nan.