Aji a Tafin Hannu

Ƙarfe tara a Aboabo.
Na rufe keken ɗinki, na buɗe waya,
aji ke nan.

Malam ya daskare,
rabin kalma a leɓensa.
Na ɗaga wayar sama kamar mai roƙon ruwa.

Sidi ashirin na zuba mata da safe,
ta lashe, ko gyatsa babu.

Sai wuta ta ɗauke.
Rigar Hajiya Barikisu na jira,
jarrabawa na jira,
batir ya ce saura bakwai.

Inna daga tabarma:
"Makarantar nan taka, Fusaini,
ko ƙofa ba ta da ita?"

Na saɓi littafi
zuwa shagon Kwaku mai janareta.
Sauro na biye da ni.
Su kaɗai na sani ido da ido
cikin 'yan ajinmu.