Kashi Sittin da Ɗaya

A garinmu sabis baƙo ne mai kunya,
ba ya shiga gida.
Yakan tsaya kan tudun bayan makabarta,
sanda ɗaya, wata rana biyu,
kafin ka gama sallama ya juya.

Shi ya sa ran Lahadi na hau babur zuwa Pitowa,
albasa buhu biyu a baya, waya a aljihun gaba,
da takardar saƙo ninki huɗu
sai ka ce mai tafiya Makka.
Inna na son tafsirin bara, wanda barci ya ƙwace mata rabinsa.
Dudu na son yadda ake yanka wuyan riga mai tattara.
Talle bai rubuta ba, raɗa mini ya yi: kokawa.
Baba bai ce komai ba.
Injin ban-ruwansa kwana tara ke nan yana tari,
ganyen albasa ya fara sunkuyar da kai.

Shagon Bakari bai fi akurki ba,
wayoyi sun kwanta jere a kan benci suna shan wuta.
Na zube masa dala arba'in.
Na jera bidiyo ashirin da biyu, ɗaya bayan ɗaya,
na danna, na zauna ina kallon zaren nan
yana rarrafe daga hagu zuwa dama
kamar tururuwa da ƙwayar dawa.

La'asar ta yi. Hadari ya taso daga wajen Lagdo.
Wuta ta ɗauke.
Bakari ya ce, ai sun sauka, tafi kada gulbi ya cika.

Da dare muka kewaye waya kamar akushi.
Inna ta samu malaminta, ta sake yin barci a wuri ɗaya.
Dudu ta maimaita almakashi sau bakwai.
Sai na buɗe na goma sha huɗu,
na tura gaban Baba, ban dube shi ba.

Wani mutum ne can wata duniya,
ba mu ga fuskarsa ba, ba mu ji yarensa ba,
hannuwa kawai, baƙin mai a ƙarƙashin farce,
irin na Baba sak.
Ya kwance noti huɗu. Ya zare kabireta.
Ya ɗaga wata 'yar allura sama, ya ja numfashi zai yi bayani,

ya tsaya.

Kashi sittin da ɗaya.
Sauran talatin da tara suna can Pitowa,
ko a cikin hadarin, ko inda Allah ya sani.

Baba ya daɗe yana kallon allurar.
Ya ce, riƙe mini fitila.
Muka gangara fadama, sauro na yi mana guɗa.
Noti huɗu, kamar yadda aka nuna.
Daga nan kuma babu malami,
sai yatsa, da harshe, da hura iska,
da wani siririn waya da ya ciro daga burushin Talle.
Asalatu na kiran farko injin ya yi gyaran murya,
ruwan Binuwai ya bi kwali yana sauri
kamar ya makara.

Lahadi ta zagayo, na koma in ƙarasa.
Bakari ya duba, ya sake dubawa,
ya ce mai shi ya cire, babu shi a jerin.

Memori ya cika tun tuni.
Na goge kokawa, na goge wuyan riga,
shi kam na bar shi.
Wani dare Baba yakan ce, ina abokina?
In buɗe masa.
Yana nan, hannu a sama, allura tsakanin yatsu biyu,
bakinsa cike da maganar da ba mu ƙara bukata.