Kogin Da Hannu Biyu Suka Ja

Dillalin kayan da, a London,
ya ɗaga gefensa da ɗan yatsa,
ya ce ko leshin Venis ne, ko aikin inji,
ya yi tayin da ba zai sai mini takalmi ba.
Na naɗe abina.
Mayafin teburin kakata ya koma akwati,
da ƙamshin kafur ɗinsa, da tabonsa.

Bayan wata uku, ga ni a Lefkara,
ƙauyen farin dutse a tsibirin Saifurus,
inda mata ke zama a bakin ƙofa,
matashi a cinya, almakashi rataye a wuya.
Aka ce in nemi Myrofora,
gida na uku bayan itacen lemo.

Ba ta tambayi sunana ba.
Ta ce in wanke hannu.

Muka shimfiɗa shi a tsakar gida,
ya fi teburinta tsawo, ya zubo har ƙasa.
Ta sansana. Ta murza lilin a gefen kunne,
kamar mai jiran ya yi magana.
Venis? Ta yi dariya, haƙori biyu.
Ta ce, "Inji ba ya gajiya, 'yata,
wannan kuwa ya gaji, duba nan,
ya huta, ya tashi, ya sake gajiya."

Ta ƙirga zare da bakin allura,
wanda aka yanke, wanda aka bari,
leɓenta na motsi, ba sauti.
Ta bi wani ado mai lanƙwasa a gefe,
ta ce sunansa kogi,
namu ne, tun kafin a haifi uwata.

Sai yatsanta ya tsaya.

"Mai wannan bahaguwa ce.
Dubi yadda ɗinkin ke jingina,
duk ya karkata gabas, kamar ciyawa bayan iska.
Gwana ce. Ba ta sauri, ba ta ƙulli."
Muka bi kogin, kusurwa ɗaya, biyu, uku,
saura taƙi huɗu ya koma mafarinsa,
ɗinkin ya juya.
Zaren ya ɗan fi haske, wani saye ne daban,
ramukan sun ƙanƙance, sun tsuke baki.

"Nan ta ajiye," in ji Myrofora.
"Ko ido ne, ko zazzaɓi, ban sani ba.
Daga nan yarinya ce, mai hannun dama,
tana jan zare da ƙarfi
kamar za a ƙwace mata.
Ga inda ta warware sau uku.
Ga inda ta yi kuskure, babu mai gyara mata."

Na ce, ko kin san sunansu?
Ta girgiza kai. Zare ba ya riƙe suna,
hali kawai yake riƙewa.

Ni kuwa na tuna kakata Polyxeni,
shekara sittin a London
ba ta taɓa allura ba.
Maɓalli in ya cire, sai wajen tela.
In mun tsokane ta, ta ce,
"Na gama ɗinkina na duniya
ina 'yar sha biyu."
Mun ɗauka ƙyuya ce.

Na sa tafina a kan taƙi huɗun nan.
Sun fi sauran kaushi.

Na tambayi kuɗinsa, don kunya ta hana ni kuka.
Myrofora ta ɗaga kafaɗa,
ta nuna tabon man zaitun a tsakiya,
ta ce kada in kuskura in wanke.
Sannan ta shiga ciki,
ta fito da burodi, da cuku, da kofi biyu,
ta dire su a kansa, ba ko faranti a ƙasa.
Na buɗe baki.
Ta ce, "Zauna. Don wannan suka yi shi."