Romon Gyaɗa a El Alto

Shekara talatin da ɗaya ina tsaron shago a El Alto,
garin da iska ba ta cika ƙirji,
inda dutsen Illimani ke kwana da hular ƙanƙara.
Littafi biyu nake ajiyewa a ƙarƙashin kanta:
ɗaya na mutanen da nake bi bashi,
ɗayan, mai baƙin bango, na bashin da nake bin Allah.

A na biyun ban bar komai ba.
Kyandir goma sha biyu a Mako Mai Tsarki,
buhun siminti uku na gyaran coci,
azumin Juma'a ko da ciki na murɗa.
Na ɗauka ran ƙarshe zan buɗe shi a gabansa
in ce, ga lissafi, a miƙo mini canjina.

Eulogia Choque tana shafi na arba'in a littafin farko:
shinkafa, mai, ashana, sukari rabin kilo.
Ranar da ta zo da goyo cikin zane mai ratsi-ratsi
tana roƙon in ƙara mata kwana bakwai,
na juya mata littafin, na ɗora yatsa kan jimla.
Ban ɗaga murya ba.
Har wannan ma na sa shi cikin kirkina.
Ta gyara zaman malfarta, ta fita.
Shekara shida ba ta sake taka ƙofata ba.

Sai ga watan Yuli, tsakiyar sanyi,
huhuna ya cika, shago ya rufe,
na kwanta ina ƙirga katakon rufi.
Na kira Yesu kamar yadda ake kiran wanda ya ci bashi:
ina siminti na? Ina kyandirori?
Shiru.
Karnukan layi kaɗai ke amsawa.

Kwana na tara aka ƙwanƙwasa.
Ita ce, da tukunya naɗe a tsumma don kada ta huce.
Romon gyaɗa, da dankali a ciki.
Hannuna na rawa, sai ta riƙe cokalin.
Na sha kunya kafin in sha romo.

Da na iya magana na ce, nawa ne?
Ta dube ni kamar na yi wani yare.
Wa ya ce maka sayarwa nake, Fortunato?
Buɗe baki, yana hucewa.

Ya Ubangiji, ashe haka alherinka yake zuwa,
ta ƙofar da na rufe da hannuna,
a hannun wadda na kora.
Na neme ka a saman shafi, wurin jimla,
kai kuwa kana bakin gado kana fifita cokali.

Ban warke duka ba.
Jiya na kama kaina ina ƙirga tukwanen da ta kawo,
goma sha huɗu, ina neman abin da zan saka mata.
Hali zanen dutse, in ji mutane,
amma na ga ruwa yana cin dutse a gangaren nan.

Baƙin littafin, da takardunsa nake ƙulla wa yara sukari.
Ran Lahadi nakan shiga layi a bayan Eulogia,
in kai gaban bagadi,
in buɗe tafin hannu, babu ko kwabo a ciki,
in jira.